Lamba Uku a Jerin Shaidun Shanu

A shekarun farko bayan an yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato, satar shanu ta yi yawa tsakanin Bagudo da iyakar Benin. Ɓarawo ya kora shanu daga wannan gefe ya sayar a wancan, ko ya koro daga can ya sayar a nan, kafin mai dukiya ya gama bin sawu an yanka su. Ƙauyuka suka kafa 'yan banga. Su kuwa 'yan banga ba su cika kai mutum gaban hukuma ba. In sun kama shi sai su ɗaure shi a jikin itace, su fara da dorina, su koma kan gora, in ya ƙi faɗin abokan tafiyarsa su juya gatari su buge masa gwiwa da bayansa. Na ga an yi wa wani haka a bayan kara, wato kasuwar shanu, da hantsi, mutane suna ta cinikinsu. Ƙarar da gwiwar ta yi ta fi kukan mutumin zama mini a kunne. Babu wanda ya hana. Ni ma ban hana ba.

Saboda haka dattawan kara suka fito da takardar shaida. Duk wanda zai bi da shanu ta hanyar iyaka, ko saye ya yi ko nasa ne na gado, sai ya karɓi takarda mai sunansa, da garinsu, da yawan shanun, da zanen shaidar da aka ƙona musu da ƙarfe, da inda take a jiki. Da farko akawun kara ne yake zanawa da biro. Ba a jima ba ɓarayi suka gano hanya. Su sami tsohuwar takarda, su ƙara layi ɗaya, sanda ta koma gicciye. Sai Sarkin kara ya ce daga yau inji ne zai riƙa buga shaidar, domin hannu ba ya iya kwaikwayon ɗigo-ɗigon allurar firinta.

Inji ɗaya ne a Bagudo a lokacin ban da na ofisoshin gwamnati, kuma a shagon da nake aiki yake. Mai shagon wata mata ce 'yar kudu, Kirista, mijinta ya rasu a Bagudo ta ƙi komawa gida. Kowa Madam yake ce mata. Tana jin Hausa sarai, har da zagin kasuwa. Da aka yi jiha aikin takardu ya ƙaru, sai ta sayo tsohuwar kwamfuta da firinta da ƙaramin janareto. Ni kuwa na yi shekara bakwai ina buga tafireta. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma ina da haƙurin bin abu daki-daki, kuma ba na barin takarda a inda ba wurinta ba. Littafin da ya zo da injin mai kauri ne, da Turanci. Ita ba ta da lokacinsa. Ni na karanta shi daga shafin farko, da ƙamus a gefe.

A bayan littafin akwai shafuka cike da haruffa da alamomi waɗanda babu su a kan maɓallai. Kowace alama tana da lambobi biyu, da waƙafi a tsakani. Kafin ka sa guda ɗaya sai ka danna maɓallai biyu tare, ka buga lambar farko, ka sa waƙafi, ka buga ta biyu, ka danna shiga. In ka kuskure lamba guda, wata aba daban za ta fito. Ranar kasuwa, Fulani sun cika ƙofa, ba wanda zai iya wannan.

A littafin na ga abin da ake kira makiro. Ma'anarsa ka koya wa inji jerin danne-danne sau ɗaya, ka ba shi suna, daga nan ya riƙa maimaitawa da kansa. Na ga kuma ana iya sa shi ya nuna zaɓi a ƙasan gilashi, ya tsaya ya jira ka danna lamba. Na fara rubuta umarnin a takarda. Na farko, ya nuna jerin. Na biyu, ya jira lamba. Na uku, ya je ga alamar da ke kan wannan lamba ya sa ta inda ake rubutu. Na huɗu, ya share jerin ya koma. Kwana uku ina fama. A rana ta biyu na manta umarnin tsayawa, injin ya yi ta zuba alama ɗaya shafi bayan shafi har sai da na kashe shi ta bango. A rana ta uku ya yi.

Jeri biyu na yi. Ɗaya na haruffan Faransanci masu ɗan layi ko ɗigo a ka, saboda sunayen garuruwan ƙetare, don jandarmomin can, wato 'yan sandansu, ba sa son ganin sunan garinsu tsirara. Haruffanmu masu lanƙwasa ban same su a littafin ba, da biro muke ƙarasa su. Jeri na biyu shi ne na shaidun shanu. Na nemo alamomin da suka yi kama da ƙunar ƙarfe: kibiya, akwati, zobe, tauraro, sanda ɗaya, sanda biyu, gicciye, mai kusurwa uku, da zobe mai ɗigo a tsakiya. Tara ke nan, daidai da maɓallan lamba. Gidaje da yawa suna tarayya a shaida ɗaya, abin da ya raba su shi ne wurin ƙunar, wani cinyar dama, wani kafaɗar hagu, wannan kuwa da kalmomi ake rubuta shi.

Akwai abu ɗaya game da injin nan da ya kamata a sani. Gilashinsa ba ya iya nuna waɗannan alamomi. Ko zobe ka sa ko kibiya, ɗan dunƙulen fari mai kusurwa huɗu kawai za ka gani. Sai a takarda alamar take bayyana.

Jerin ya yi aiki kusan shekara. Sai dai yadda lambobin suka zauna bai taɓa kwanta mini ba. Ban tsara su ba, yadda masu shanu suka riƙa zuwa haka na riƙa ƙarawa: mai kibiya ya fara zuwa ya zama ɗaya, mai akwati biyu, mai zobe uku. Duk sanda jerin ya fito sai in ga zobe a nan, ɗan'uwansa mai ɗigo can a ƙarshe, sanduna a warwatse. Wata Alhamis a farkon damina Madam ta tafi Birnin Kebbi sayen ribin na tawadar firinta da takarda, shago ba kowa. Na zauna na gyara. Masu miƙaƙƙen layi na sa a gaba: sanda ɗaya, sanda biyu, gicciye, kibiya, tauraro. Sannan masu kusurwa. Sannan masu zagaye. Na gwada kowace lamba a takarda, duka tara suka fita daidai. Na rubuta sabon jerin a littafina na ajiye bayanan aiki, a ƙarƙashin tsohon, na ja layi, na sa kwanan wata. Ban bar wa Madam saƙo ba. A ganina ba bukata, tunda sunan kowace shaida yana fitowa a gilashi kusa da lambarta, mai ido zai gani.

Abin da ban lissafa ba shi ne Madam ba ta duban gilashi. Yatsunta sun haddace lambobin. Kafin jerin ya gama fitowa ta riga ta danna ta wuce, idonta yana kan mai magana. Na sha ganin ta tana yin haka, har na sha yi mata faɗa a kai, amma ranar ban tuna ba.

Washegari Juma'a na tafi Zagga ta'aziyyar wani kawuna. Ita ta zauna a shago. Da damina takan naɗe takarda gida huɗu, ta sa a leda, ta liƙe bakin da wutar kyandir don kada ruwa ya taɓa ta. Masu shanu suna son haka. Sai su cusa a aljihun ciki, ba mai buɗewa sai an tsayar da shi a hanya.

Ranar Asabar da safe na buɗe durowa don in jera kofen takardun jiya a fayil, don kowace takarda da kabon muke buga ta. Huɗu ne. Uku na 'yan kasuwa ne da ba su tashi ba tukuna. Ta huɗu ta wani Bafulatani ce daga rugar da ke kusa da Lafagu, mutum mai kimanin shekara hamsin, marar yawan magana, wanda yake cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Na san shi, na buga masa takarda sau biyar. Shaidar gidansu zobe ce a cinyar dama. A kofen da ke hannuna an rubuta cinyar dama, an buga gicciye.

Na tambayi Madam wace lamba ta danna masa. Tana shara, ba ta ko ɗago ba, ta ce uku mana, ko zobe ya tashi daga uku ne? Ta ce tun jiya bayan masallaci ya kora garkensa, zai kai su dajin ƙetare don ya kauce wa gonaki.

Na tsaya da kofen a hannu ina shirya yadda zan faɗa. Ina cikin shiryawa babur ya tsaya a ƙofa. 'Yan banga biyu suka sauko, ɗaya da bindiga adaka a kafaɗa, ɗaya da gora. Mai gorar ya jefa takarda a kan tebur. Tamu ce, an yage ledar, akwai jini a gefe ɗaya.

"Wa yab buga wagga takarda?"

Madam ta duba ta ce ita ce. Ba ta rufe baki ba ya ɗauke ta da mari. Ta faɗa kan tebur, goshinta ya daki kusurwar firinta, jini ya sauko mata ta gira. Ya juya ya sa gora ya farfasa gilasan taga ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sun kama ɓarawo da shanu masu zobe da takarda mai gicciye, yanzu kuma sun gano gidan da ake buga wa ɓarayi takarda. Maƙwabta suka taru a ƙofa. Na ji wani tela da muke gaisawa kullum yana cewa dama baƙin nan ba abin da ba za su yi ba. Mai gorar ya kama Madam ta wuyan riga ya fara jan ta waje, ɗankwalinta ya faɗi, tana riƙe da ƙafar tebur.

Duk wannan ya faru ina tsaye. Mari ɗaya, taga guda, da ja har bakin ƙofa, kafin bakina ya buɗe. Na ce su sake ta, ni ne na sauya lambobin injin ban gaya mata ba, mutumin da suka kama kuma shanunsa ne.

Mai adakar ya matso. "Mi kac ce?"

Na maimaita. Ya juya bindigar ya soke ni da gindinta a ƙirji. Na durƙusa, numfashi ya ƙi zuwa. Da ya dawo na roƙe su su bar ni in ɗauki fayil da littafina. Suka bari. Madam tana zaune a ƙasa tana danne goshi da ɗankwali. Ta dube ni, ba ta zage ni ba, ta ce za ta nemo Sarkin kara. Ba ta same shi ba, ya tafi wata kasuwa tun asuba. Wannan daga baya na ji.

Suka sa ni a tsakiya a kan babur. Tafiyar ta fi awa biyu, hanya duk taɓo. A hanya mai gorar ya gaya mini abin da ya sa ƙauyensu ya yi zafi. Mako biyu da suka wuce ɓarayi sun sassare yayan Kwamandansu a bakin turke, suka kora shanun noma, mutumin ya kwana uku ya cika. Ya ce Kwamanda ya yi rantsuwa, in an yi la'asar ba a sami gaskiyar wanda suka kama ba, za a fasa masa gwiwa biyu a jefa shi rafin iyaka.

Mun isa ana kiran azahar. A gindin wata ɗorawa a bakin gari aka ɗaure Bafulatanin, hannuwa ta baya, igiya ta zagaye ƙirji da itacen. Da ban san shi ne ba da ban gane shi ba. An yage rigarsa. Bayansa da kafaɗunsa duk sawun dorina ne, wasu sun fashe, ƙudaje sun hau. Idon hagu ya kumbura ya rufe, ruwa mai jini yana bin kumatu. Leɓensa ya tsage, haƙoran gaba biyu babu. Hannun dama ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ƙanensa da suke tafe tare ya tsere daji tun da aka fara. Shanun, ashirin da wani abu, an tara su a wani fili da aka kewaye da ƙaya, nesa kaɗan, suna tsaye cikin rana. Samari sun kewaye itacen, wani yana cin gyaɗa. Ina isowa wani ya ɗaga ƙafa ya shure shi a ciki, ba don ya yi wani abu ba, don dai a nuna mini.

Kwamanda gajere ne, mai furfura a gemu, yana zaune a kan turmi da gatari a kan cinya. Na gaishe shi, bai amsa ba. Na nemi izini na durƙusa na shimfiɗa kofe biyar a ƙasa, bisa kwanan wata, na danne kowanne da dutse. Na ajiye na jiya a ƙarshe. Na buɗe littafina a shafin da tsohon jeri da sabon suke. Na yi bayani daga farko: yadda lamba uku take zobe, yadda na mayar da ita gicciye ranar Alhamis, yadda gilashi ba ya nuna alama, yadda aka liƙe takarda ba a duba ba. Aka kira malamin makarantar garin ya karanta sunayen. Ya ce suna ɗaya ne a duka shida, gari ɗaya, cinyar dama, biyar zobe, ɗaya gicciye.

Kwamanda ya saurara har na gama. Sannan ya sa ƙafa ya ture dutsen da ke kan kofen farko.

"Akawu, kai da bakinka ka ce injinku ya yi ƙarya jiya. To mi za ya hana shi yin ƙarya watan jiya? Waɗanga biyar ɗin ma ku kunka buga su."

Na ce ga littafi. Ya ce littafin ma hannuna ne. Samari suka yi dariya. Wani ya ce a haɗa mu biyu a itacen a huta. Wani ya zo ta baya ya taka mini yatsu a kan takardar, ya murza da dunduniya, ina jin farcena yana tsagewa. Ban janye hannun ba don kada takardar ta yage.

Wani tsoho ne ya yi magana, manomi, ya yi kiwo da ƙuruciya. Ya ce kafin a kawo takarda, da me ake gane mai shanu? A bar mutumin ya kira shanun mana. Ashe tun da safe mutumin yake roƙon haka, suna ce masa takarda ta riga ta yi magana. Tsohon ya ce to ga mai takardar ya zo da ƙafarsa ya ce ta yi ƙarya, saura me? Kwamanda ya dubi rana, sannan ya ce a gwada. Amma shi zai nuna saniyar da za a kira, ɗaya bayan ɗaya, har uku. In ɗaya ta ƙi zuwa, magana ta ƙare.

Aka janye ƙaya aka buɗe ƙofa. Kwamanda ya nuna wata ja mai karyayyen ƙaho. Aka juya kan mutumin don ya gani da idon da ya rage. Ya buɗe baki. Abin da ya fito ba kira ba ne, gurnani ne da kumfar jini. Shanun ba su ko motsa kunne ba. Ya sake, haka. Wani saurayi ya karɓi gatarin daga cinyar Kwamanda ya je ya tsaya a gefen gwiwarsa, ya juya shi, yana gwada nisa. Kwamanda bai hana shi ba.

Tsohon ya ce ko akuya ba a yanka ta da ƙishi. Ya kawo ruwa a moɗa ya kafa masa a baki. Ya kurkure ya tofar, jini ne da guntun haƙori. Ya sha kaɗan. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, tsohon ya ce yana so a kwance masa hannu ɗaya. Aka kwance na hagu. Ya ɗauki lokaci kafin hannun ya yarda ya tashi. Ya dafe leɓen da ya tsage da yatsa biyu, ya haɗe shi, ya ja numfashi, ya yi kira da Fillanci, suna ɗaya, ya ja ƙarshensa.

Jar saniyar ta ɗaga kai. Ya sake kira. Ta ratso sauran, ta fito ta ƙofar, ta taho da sauri har samari suna darewa, ta zo ta tsaya ta sa hanci a ƙirjinsa tana shinshinar jinin. Kwamanda ya nuna wata fara mai ɗigon baƙi a wuya. Ya kira wani suna, ita ma ta zo. Ta uku karsana ce, ta tsaya ta yi jinkiri, mai gatari ya gyara tsayuwa. Mutumin bai sake kiran ta ba. Wani sauti ya yi da harshe, sai ta taho, sauran garken duka suka biyo ta, suka tattake ƙayar, suka kewaye ɗorawar har ba a ganin sa.

Mai cin gyaɗa ya zube ta a aljihu. Kwamanda ya tashi ya karɓi gatarinsa, ya ce a kwance shi. Bai ba shi haƙuri ba, ba wanda ya ba shi. Da aka sassauta igiyar ya sulale ƙasa, aka ja shi inuwa aka kwantar a kan buhu.

Sannan Kwamanda ya ce dukan da aka yi tun safe ba zai tafi a banza ba, akwai mai shi. Ya nuna ni. Aka tuɓe mini riga aka ɗaure ni da igiyar, tana da danshi. Ya ce dorina goma sha biyu. Tsohon ne ya ƙirga, mai gorar da ya mari Madam shi ya riƙe dorina. Ta farko da ta biyu zafi ne. Daga ta biyar fata ta fashe, na ji jini yana shiga wandona. A ta tara ƙafafuna suka saki, igiya ce ta riƙe ni. Ban ce an zalunce ni ba a ranar, yau ma ban ce ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne waɗanda suka karya hannun da haƙoran su ne suke riƙe da dorinar.

Da aka sake ni na rarrafa inda yake kwance. Na ce, "Baffa, ni na jawo maka wannan. Ka yafe mini."

Ya dube ni da ido ɗaya. Ya yi magana da Fillanci, gajeriya. Na tambayi tsohon me ya ce. Ya ce tambaya yake ko an shayar da shanun, tun jiya ba su ga ruwa ba.

Aka sa mutum biyu suka kai su rafi. Kafin magariba ƙanensa ya fito daga daji tare da wasu 'yan'uwansu daga ƙetare, kowa da sanda, fuska a ɗaure. Na ɗauka za a sake wani rikicin. Tsohon ya shiga tsakani, aka yi magana mai tsawo da Fillanci, a ƙarshe suka ɗora shi a amalanke suka tafi da shi wurin mai ɗori. Ni malamin makaranta ne ya mayar da ni Bagudo a bayan babur ɗinsa, ina rungume da fayil don ba na iya jingina.

Kwana tara na yi a kwance rub da ciki. Madam ta karɓo takardu ukun nan na 'yan kasuwa tun ranar ta yayyage su. Ta aiko mini da magani, ba ta zo ba. Ranar da na koma shago an ɗinke mata gira, an toshe taga da kwali. Ta ce injin nata ne, daga yau ba a taɓa cikinsa sai tana tsaye. Na ce haka ne. Tana tsaye na mayar da jerin yadda yake: kibiya ɗaya, akwati biyu, zobe uku. Na ƙara umarni biyu. Na farko, duk alamar da aka sa, injin ya rubuta sunanta da kalmomi a gefenta, don gilashi yana nuna kalmomi. Na biyu, kafin ya sa, ya tsaya ya tambaya ko ita ce, sai an amsa. Madam ta ce wannan zai rage mata sauri. Na ce zai rage. Ita kuma ta daina liƙe leda sai mai shanu ya ɗora yatsa a kan shaidarsa ya ce ita ce.

Mutumin ya rayu. Bayan kaka na tafi rugarsu da ƙafata. Hannun ya ɗoru a karkace, ba ya tashi sama da ƙirji, idon hagu kuma ya tafi. Na same shi zaune a kan tabarma yana murza igiya da hannu ɗaya da yatsun ƙafa. Ya sa aka kawo mini nono, na sha. Mun gaisa, mun yi maganar ruwan bana da ciyawa. Ban sake roƙon sa ba, shi ma bai tada zancen ba. Daga wannan shekara ƙanensa ne yake kai garken ƙetare, shi yake zuwa karɓar takarda. Shi kuwa mutumin bai ƙara bin shanu ba, don makiyayi mai hannu ɗaya ba ya iya kayar da bijimi ko ciro maraƙi daga taɓo. Da yamma in sun dawo yakan fita bakin ruga ya tsaya, su zagaye shi, ya duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya.